Garmaho na juyawa lafiya amma sauti ya yi ƙasa: katirij ne ya mutu?

Mai Faifai:
Assalamu alaikum jama'a. Shawarar masana nake nema. Tsohon garmaho ne mai sarrafa kansa, irin na farkon shekarun 1970, wanda hannu ke ɗaga kansa ya koma mazauninsa idan faifai ya ƙare. Juyawa lafiya lau, gudun 33 da 45 duk daidai. Matsalar sauti ce. Sai an murɗa ƙara ta wuce kashi uku cikin huɗu kafin a ji waƙa sosai, kuma lasifikar hagu ta fi ta dama rauni, sautinta a dushe kamar an lulluɓe ta da bargo. Amfilifayar ma tsohuwa ce, tana da ramin PHONO, kuma can aka saka wayoyin. Na'urar CD da ke AUX tana tashi da ƙarfi tun ƙara na kashi ɗaya cikin huɗu. Sunan katirij ɗin, wato ɗan akwatin da ke riƙe da allura a kan hannu, ya goge, ba a iya karanta komai a jikinsa. Allurar sabuwa ce, an zaɓo ta ne saboda ta yi kama da tsohuwar. Katirij ɗin ya mutu ne in nemi wani?

Baba Mai Rediyo:
Wa alaikumus salam. Kada ka sayi komai tukuna, yarona. A cikin duk sarƙar nan, daga allura zuwa lasifika, katirij ne ya fi wuyar mutuwa ta wannan hanya. Idan zai mutu, yawanci ɓangare ɗaya ne zai yi tsit gaba ɗaya saboda wayar naɗinsa ta tsinke. Raguwar ƙarfi da dushewa sun fi nuna wani abu a kan hanya.

Fara da fuskar amfilifaya. Duba maɓallin MUTING, da yawa daga cikin na wancan zamani suna rage sauti da desibel 20 idan an danna shi. Duba TAPE MONITOR, ya zama a kashe. Duba BALANCE yana tsakiya. Idan akwai makunni mai rubutun MM da MC, wato jinsunan katirij biyu, mai maganaɗisu mai motsi da mai naɗin waya mai motsi, faɗa mana inda yake. Sannan ka juya makunnin zaɓen PHONO da AUX gaba da baya kamar sau ashirin, amfilifaya a kashe, domin datti a wannan makunni yana cin sautin garmaho fiye da na CD.

Injiniya:
Baba ya yi gaskiya. Kuma a cire CD daga lissafi, don kwatanta su biyu yana ruɗa mutane da yawa. Na'urar CD tana fitar da kusan bolt 2 a ƙololuwarta. Katirij mai maganaɗisu mai motsi, wato MM, yana ba da milibolt 3 zuwa 5 ne kawai a ma'aunin da ake amfani da shi, sautin 1,000 Hz da gudun allura na santimita 5 a daƙiƙa. Sashen PHONO yana ninka wannan kamar sau 100, wato desibel 40, sai milibolt 5 ya zama rabin bolt. Tsakanin rabin bolt da bolt 2 akwai desibel 12. Wuraren da waƙa ta yi ƙarfi a faifai suna wuce wancan ma'auni, to amma duk da haka garmaho mai cikakkiyar lafiya yakan yi ƙasa da CD. Tsofaffin amfilifaya an gina su ne don su cika da kusan milibolt 150 a AUX da milibolt 2.5 a PHONO, shi ya sa CD ke cika su tun ba a je ko'ina ba.

Amma kashi uku cikin huɗu ya yi yawa, kuma bambancin hagu da dama ba na lafiya ba ne. Akwai matsala, wataƙila ma biyu.

Mai Faifai:
Na gode Baba, na gode Injiniya. MUTING a kashe, TAPE MONITOR a kashe, BALANCE a tsakiya. Babu makunnin MM da MC ko kaɗan, ramin PHONO ɗaya ne, an rubuta 47k a gefensa. Na juya makunnin zaɓe, babu canji.

Malama Mai Mita:
To yanzu a raba gardama tsakanin amfilifaya da garmaho. Rage ƙara zuwa ƙasa, kashe amfilifaya, ka musanya fulogan RCA biyu, wato kawunan wayoyin garmaho, a bayanta: ja ya shiga ramin fari, fari ya shiga ramin ja. Kunna ka saurara. Idan raunin ya koma lasifikar dama, laifin na ɓangaren garmaho ne. Idan ya tsaya a hagu, na amfilifaya ne ko lasifika.

Sai gwaji na biyu. Mayar da fulogan yadda suke, ka zare 'yan wayoyi huɗun da ke bayan katirij. Launukansu ɗaya ne a kusan ko'ina: fari shi ne sautin hagu, shuɗi at ɗin hagu (wato wayar ƙasa, earth), ja sautin dama, kore at ɗin dama. Da hantsaki za ka zare su, ka kama ƙarfen maƙalin, kada ka ja wayar kanta don siririya ce kamar gashi. Ƙara na ƙasa-ƙasa, ka taɓa bakin sukudireba a maƙalin fari, sannan na ja. Kowanne ya kamata ya ba da gurnani mai ƙarfi a lasifikarsa, kuma ƙarfinsu ya zo ɗaya. Wanda gurnaninsa ya yi rauni, akwai abin da ke shanye sautin tsakanin kan hannu da amfilifaya.

Sarkin Allura:
Kafin a yi nisa, tunda suna ya goge, a tabbatar da wane irin katirij ne. Garmaho masu sarrafa kansu da yawa na wancan lokaci, musamman masu araha, katirij na seramik suke zuwa da shi. Alamarsa allura mai ɗan hannu a gefe da ake juyawa, gefe ɗaya LP, ɗaya 78. Shi ba naɗin waya ne a cikinsa ba, wani dutse ne da ke ba da wuta idan an lanƙwasa shi, kuma yakan ba da ɗaruruwan milibolt. Amma yana son lodi mai girma, wato yawan om ɗin ramin da aka saka shi, megom 1 (om miliyan ɗaya) ko fiye. Dalilin shi ne a lantarce kamar ƙaramar kafasita yake. A ɗauka ta pikofarad 1,000 ce: da lodin megom 1 kaurin sauti zai fara zubewa ne daga kusan 160 Hz zuwa ƙasa, amma da lodin 47k, wato om 47,000, zubewar za ta fara tun daga kusan 3,400 Hz. Wanda ya saka irinsa a AUX na zamani zai ji sauti siriri mara nauyi, ya ce katirij ya mutu, alhali lodi ne bai dace ba.

Waɗanda suka fi su tsufa, na gishirin Rochelle, su kam suna mutuwa da gaske, laima da zafi na narkar da gishirin. Na seramik dutsen yana daɗewa, sai dai robar da ke haɗa karan allura da dutsen takan bushe ta ƙandare, motsi ya daina isa inda ya kamata.

Mai Faifai:
Malama, da na musanya fulogai raunin ya koma dama, ashe amfilifaya ba ta da laifi. Gwajin sukudireba: ja ya yi gurnani sosai, fari ya yi amma ƙasa da na ja ƙwarai. Sarki, allurar ba mai juyawa ba ce, irin wadda ake zarewa ta gaba ce, tana da bututun ƙarfe siriri a bayanta da ke shiga cikin jikin katirij.

Malama Mai Mita:
Madalla. Gurnanin fari ya yi rauni alhali katirij ba ya kan layi, kenan matsalar hagu ba ta katirij ba ce. Ɗauko mita mai lambobi, sa ta a kan om. Zare fulogan RCA daga amfilifaya gaba ɗaya, wannan wajibi ne. Awo uku za ka yi.

Na farko a ƙafafun katirij shi kaɗai: tsakanin ƙafar fari da ta shuɗi, sannan tsakanin ta ja da ta kore. MM yakan nuna kusan om 400 zuwa 1,600. Misali Shure M91ED om 630 ne, M97xE kuwa om 1,550. Abin dubawa shi ne ɓangarorin biyu su zo kusa da juna, bambancin kada ya wuce kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari. Idan ka ga om 5 zuwa 40, MC ne mai ƙarancin fitarwa. Idan duka biyun ba su nuna komai ba, ko seramik ne ko naɗin ya tsinke.

Na biyu, wayoyin har yanzu a zare daga katirij, ba sa taɓa juna: auna tsakanin tsinin fulogin RCA da zobensa na waje, kowanne daban. Mita ta nuna a buɗe, wato babu hanya ko kaɗan. Ka yi wannan hannu na kan faifai kamar ana waƙa, garmaho a cire daga wuta. Juya farantin da hannunka har na'urar ta gama zagayenta ta sauke hannun.

Na uku, daga maƙalin fari zuwa tsinin RCA na hagu, daga ja zuwa tsinin dama, haka ma shuɗi da kore zuwa zobba. Kowanne ya zama om 1 ko 2, bayan ka cire abin da wayoyin mitar kansu ke nunawa idan an haɗa bakinsu.

Baba Mai Rediyo:
Malama, a nan ina da ja. Ba na son a saba wa mutane da ɗora mita a ƙafar katirij, musamman wanda ba a san irinsa ba. Tsohuwar mita mai allura a matakin R×1 tana tura wuta mai yawa, gomman miliamfiya, wani lokaci fiye da 100. Wayar naɗin MC ba za ta ji daɗin wannan ba. Kuma wutar batir da ta bi ta naɗi tana iya barin ɗan maganaɗisu a ƙarfen da aka naɗa wayar a kai.

Malama Mai Mita:
Gaskiyarka Baba game da mita mai allura, shi ya sa na ce mai lambobi. Ita abin da take turawa a matakin om bai fi miliamfiya 1 ba, sau da yawa ƙasa da haka sosai, kuma taɓawar daƙiƙa biyu ce. Tunda allurarsa ana zare ta ta gaba da bututu, kusan tabbas ba MC ba ne, domin yawancin MC ba a cire musu allura a gida. Amma na yarda a ƙara sharaɗi: a sa mitar a matakin 2k, kada a yi amfani da matakin ƙararrawa ko na gwajin dayod, kuma kada a bar ta a manne.

Baba Mai Rediyo:
Da wannan sharaɗi na amince.

Injiniya:
Tunda an ambaci MC, bari in ajiye lissafinsa don masu karatu da nasu garmahon ya bambanta, saboda shi ne sanadin ƙarancin sauti da ya fi yawa idan duka ɓangarorin sun yi ƙasa daidai da juna kuma sautin tsaf yake. Denon DL-103 milibolt 0.3 yake bayarwa, naɗinsa om 40. A saka shi a ramin MM mai ninki 100, abin da zai fito milibolt 30 ne, kusan desibel 24 ƙasa da katirij mai milibolt 5. Za a ji waƙa, amma sai an ƙure ƙara, kuma shuuu ɗin amfilifaya zai taso tare da ita. Maganinsa sashen PHONO mai desibel 60, ko taransifomar ɗagawa mai 1:10. Ita za ta mayar da 0.3 ya zama milibolt 3, kuma lodin 47k zai bayyana ga katirij a matsayin om 470, tunda ana raba shi ne da 10 sau 10.

Akasin haka ma yana faruwa, mutane kuma ba sa zargin sa. A saka MM a ramin MC mai lodin om 100. Za a zaci sauti zai yi yawa tunda ninki ya ƙaru, amma naɗin MM yana da indoktans babba, kamar milihenri 700, wanda a 1,000 Hz yake tare hanya kamar om 4,400. Lodin om 100 zai samu ɗan kaɗan ne daga ciki, asarar kusan desibel 33, ƙarin ninkin kuma 20 ne kawai. Sakamako: ganga da kaurin sauti suna nan, murya ta nutse, kaifin sauti ya ɓace.

Wanda kuma ya saka MM kai tsaye a AUX, zai ji sauti can ƙasa-ƙasa, siriri kamar na sauro. Ban da rashin ninki, babu gyaran RIAA. Tun 1954 da aka daidaita wannan tsari, ana yanka faifai ne da kaurin sauti a rage, kaifi a ƙare, kusan desibel 20 kowane gefe a 20 Hz da 20,000 Hz. Sashen PHONO ne ke juya wannan.

Mai Faifai:
Ga sakamako. Katirij shi kaɗai: hagu om 628, dama om 641. Awo na biyu: dama a buɗe, amma hagu yana nuna kusan 2k, lambar tana rawa tsakanin 1.8k da 2.3k, kuma idan na ɗan ƙwanƙwasa jikin garmahon sai ta canza. Awo na uku: ja, shuɗi da kore duk ƙasa da om 2, fari om 1.4.

Malama Mai Mita:
Naɗin katirij ɗinka lafiyarsa ƙalau, duka biyu. Matsalar hagu ita ce wannan 2k ɗin, akwai abin da ke haɗa wayar sauti da at a inda bai kamata ba. Tunda lambar tana motsi da ƙwanƙwasa, ina zargin makunnin shiru.

Baba Mai Rediyo:
Shi ne. Garmaho mai sarrafa kansa yana da wannan makunni a ƙarƙashinsa, kusa da gindin hannu, a inda siraran wayoyin hannu suke haɗuwa da kebul ɗin RCA. Aikinsa ya haɗe sauti da at lokacin da hannu ke tashi ko sauka don kada a ji ƙarar faɗuwar allura. Babban giyan da ke tafiyar da zagayen ne ke tura shi. Idan zagaye ya ƙare, 'yan faifan ƙarfensa su rabu. Bayan shekara hamsin, ko ɗayansu ya lanƙwashe ya rage yana shafar ɗan'uwansa ta cikin tsatsa, ko tsohon giris da ƙura sun yi gada a tsakaninsu.

Cire wuta. Ɗaure hannu a mazauninsa, sa wa allura murfinta ko ka zare ta, cire faranti in yana cirewa, sannan ka kifa garmahon a kan abin da zai tallafe shi ta gefe biyu ba tare da hannun ya taɓa ƙasa ba. Buɗe murfin gwangwanin da ke kan makunnin idan akwai. Juya giyan a hankali ka ga yadda faifan ke haɗuwa da rabuwa. A matsayin waƙa dole a ga rata a duka biyun, ƙasa da milimita 1 amma ido na ganinta. Yanko 'yar takarda mai kauri, jiƙa ta da sifirit na isofurofil, ka ja ta tsakanin bakunan sau da yawa har ta daina fitowa da baƙi. Kada ka sa takardar yashi, tana cinye rufin da ke kan ƙarfen, tsatsa ta dawo da sauri. Idan faifan ƙarfen ya lanƙwashe, daga gindinsa za ka ɗan miƙe shi da ƙaramar filaya, kaɗan-kaɗan, kana aunawa bayan kowane taɓi. Idan an gama, mita ta nuna kusan sifili a tsakiyar zagaye, ta nuna a buɗe a matsayin waƙa.

Injiniya:
Lambobin sun dace da abin da kunnensa ya ji. A ɗauka naɗin milihenri 700 ne kamar na ire-irensa. Lodin 2k a jere da 47k ya zama kusan om 1,900. A 1,000 Hz asarar kusan desibel 8 ce, a 5,000 Hz ta haura desibel 20, a kaurin sauti kuwa ba ta fi desibel 2 zuwa 3 ba. Bargon da ya ce an lulluɓa wa lasifikar hagu kenan. Wannan ma hanya ce ta gane irin laifin da kunne: haɗewar sauti da at tana dusar da kaifi. Datti a maƙali ko a fulogi kuwa, tunda a kan hanya yake ba a gicciye ba, sai ya kai dubban om kafin ya rage ƙarfi sosai a gaban lodin 47k. Shi ya fi zuwa da yankewa, ƙaraf-ƙaraf da gurnani.

Ɗan Bita:
Ƙari kaɗan kan wuraren haɗi, tunda garmahon na buɗe. Masu kan hannu da ake kwancewa da zobe, irin na Technics SL-1200, suna da ƙusoshi huɗu masu sifirin a cikin bakin hannun. Ɗaya yakan maƙale a ciki ya daina taɓa kan. Danna kowanne da tsinken sakace, ya shiga ya dawo da kansa. Na Dual irin 1219 da 1229 kuwa katirij yana kan wani ɗan sirdi ne da ake zarewa, da 'yan ƙarafa huɗu a bayansa da kan yi baƙi. Roban goge fensir da sifirit sun isa.

Maƙalan bayan katirij idan sun yi sako-sako, zura tsinken sakace a ciki sannan ka matse da filaya, tsinken zai hana su rufewa gaba ɗaya. Kuma ko da wasa kada a kai ƙarfen dalma kan ƙafar katirij. Zafin yana bin ƙafar ya narkar da haɗin siririyar wayar da ke ciki, daga nan babu gyara. Idan maƙali ya tsinke daga wayarsa, a zare shi a liƙa shi a gefe, ya huce, sannan a mayar.

Wajen mayar da wayoyi a kula da launi. Idan aka juya na ɓangare ɗaya, misali kore a wurin ja, ja a wurin kore, lasifikun za su riƙa ja-in-ja da juna. Kaurin sauti zai ragu, murya ta rasa tsakiya, kuma idan aka danna MONO mawaƙin zai kusan ɓacewa. Wasu katirij ɗin ma suna da ɗan ƙarfe da ke haɗa jikinsu da ƙafar kore, to juya wannan ɓangare yana kawo gurnani a kan haka.

Mai Faifai:
Allah Ya saka da alheri. Makunnin ne. Faifan ɓangaren hagu yana jingine da ɗan'uwansa, ga wani baƙin maiƙo a wurin. Na goge, na miƙe shi. Yanzu duka biyun a buɗe suke a matsayin waƙa, kuma da katirij a haɗe fulogan RCA suna nuna 630 da 643. Hagu da dama sun daidaita, dushewar ta tafi. Amma har yanzu sai ƙara ta kai kusan kashi biyu cikin uku. Ko maganaɗisun katirij ɗin ne ya yi sanyi da tsufa?

Sarkin Allura:
Yanzu aka zo wurina. A katirij na MM, maganaɗisun ba a jikin katirij yake ba, yana ƙarshen karan allura ne, a cikin bututun nan da ka ambata. Duk ranar da ka canza allura, ka canza maganaɗisu. Jikin naɗin waya ne kawai da bakunan ƙarfe huɗu da maganaɗisun ke rawa a tsakaninsu. Saboda haka ƙarfin sauti yana hannun allurar: girman maganaɗisunta, da kuma ko ya zauna daidai tsakanin bakunan. Ka duba Shure M44-7 da M91ED, naɗinsu duk om 630 ne, amma na farko milibolt 9.5 yake bayarwa, na biyu milibolt 5.

Abu na farko, tura allurar har ƙarshe. Rata ko ta milimita 1 tsakanin robar allura da jikin katirij tana fitar da maganaɗisun daga wurinsa, sauti ya faɗi sosai. Riƙe ta gefe biyu ka tura a miƙe har ta zauna daram.

Abu na biyu ya fi muhimmanci tunda da ido aka zaɓo ta. Akwai wani jinsin da ake kira mai ƙarfe mai motsi, irin Stanton 681 da Ortofon VMS da na Grado. A nan maganaɗisun yana zaune a jiki, allurar ɗan ƙarfe kawai take ɗauke da shi. Allurar wani jinsi tana iya shiga ramin wani, ta yi kama sosai, amma tsawon bututu ko abin da ke cikinsa ya bambanta. Gwaji mai sauƙi: zare allurar, ka kusanto da ƙaramin fil na ƙarfe bakin ramin katirij. Idan jikin ya ja fil ɗin, maganaɗisun na jiki ne. Idan bai ja ba, kusanto da fil ɗin bayan bututun tsohuwar allurar, za ka ji ɗan ja kaɗan. Yi haka da sabuwar ka kwatanta. Tsohuwar tana nan?

Injiniya:
Sarki, kada a rufe ƙofar raunin maganaɗisu gaba ɗaya. Wasu tsofaffin katirij sun yi amfani da maganaɗisu na wani gamin ƙarfe da ake kira alniko, shi kuma yana iya rasa ƙarfi idan ya sha bugu ko ya zauna kusa da wani maganaɗisu mai ƙarfi ko na'urar goge kaset.

Sarkin Allura:
Yana faruwa Injiniya, ban musa ba. Amma shekaru kaɗai ba sa cinye rabin ƙarfinsa, sai da wani dalili irin waɗanda ka lissafa. Kuma a nan allurar sabuwa ce, idan MM ne to maganaɗisun ma sabo ne. Abin da tsufa ke ci da gaske shi ne 'yar robar da karan allura ke zaune a ciki. Idan ta ƙandare, allura ba ta bin tsagi, sauti ya yi tsatsa a wuraren ƙarfi. Idan ta saki, cikin katirij ya kusan shafar faifai, maganaɗisun ya karkace daga tsakiya, ɓangare ɗaya ya fi ɗaya. Lu'ulu'un bakin allura da ya cinye kuwa ba ya rage ƙarfi sosai, ɓata sauti yake yi yana kuma cin faifai. Ƙwallon ƙura a bakin allura ya fi shi rage sauti, domin yana ɗaga ta daga tsagin. A share da burushi mai laushi daga baya zuwa gaba kawai.

Mai Faifai:
Tsohuwar tana nan. Jikin katirij bai ja fil ba. Tsohuwar allura ta ja shi, sabuwar ma ta ja amma da ƙyar. Da na jera su a kan farar takarda, bututun sabuwar ya gaza na tsohuwar da kusan milimita 2. Na mayar da tsohuwar na gwada a wani faifan da ba na ji da shi, sauti ya cika ɗaki tun ƙara ba ta kai rabi ba.

Sarkin Allura:
To ka samu amsa ta biyu, allurar ba ta wannan jikin ba ce. Amma kada ka ci gaba da tsohuwar a kan faifan kirki, ba a san awa nawa ta yi ba. Duba jikin robarta da madubin ƙara girma, sama da ƙasa, sau da yawa lambar allurar na nan ko da ta katirij ta goge. Kwance katirij ɗin ma ka duba samansa, inda kan hannu ya rufe, wasu kamfanoni can suke buga suna. Da wannan lamba za ka nemi allura, ba da kama ba. Idan babu lamba, ɗauki hotonta daga gefe da baya kusa da rula, ka haɗa da om 630 ɗin da ka auna, ka turo a gane ta.

Malama Mai Mita:
Idan allurar da ta dace ta zo, a sake saita nauyi, domin sigarta ce ke yanke shi. Mayar da ma'aunin nauyi da na hana zamewa zuwa sifili, juya nauyin bayan hannu har hannun ya tsaya yana lilo a kwance, sannan ka ɗora abin da takardar allurar ta ce. M91ED misali giram 0.75 zuwa 1.5 ne, Audio-Technica AT95E giram 1.5 zuwa 2.5. Zauna a rabin sama na iyakar, nauyin da ya yi kaɗan ya fi ɓata faifai saboda allura na tsalle a tsagi. Sifirin ɗin tsofaffin hannaye yakan saki, don haka tabbatar da ƙaramin sikeli mai auna 0.01 na giram, a daidai tsayin fuskar faifai. Wannan garmahon kuma mai sarrafa kansa ne, gwada ka ga hannun yana iya tayar da zagayen ƙarshen faifai a wannan nauyin ba tare da allura ta yi tsalle ba.

Injiniya:
Wanda ke son lamba maimakon kunne, ya samu faifan gwaji mai sautin 1,000 Hz a santimita 5 a daƙiƙa, ya auna a ramin REC OUT na amfilifaya, domin maɓallin ƙara ba ya shafar wannan rami. Mita a kan AC. Katirij mai milibolt 5 da ninkin desibel 40 zai nuna kusan bolt 0.5. Ƙananan mitoci da yawa an yi su ne don wutar gida, ba su da daidaito sosai a 1,000 Hz, don haka a fi dogara da kwatancin hagu da dama. Bambancin desibel 2, wanda shi ne iyakar da takardun katirij da yawa na wancan zamani suka yarda da ita, yana nufin ƙaramin kada ya gaza kashi 80 cikin ɗari na babban: idan dama ta nuna 0.50, hagu kada ta sauka ƙasa da 0.40.

Mai Faifai:
Na samu lamba a ƙasan robar tsohuwar allurar, haruffa biyu da lambobi biyu, sai da na haska fitila daga gefe suka fito. Zan nemo da ita. Baba, murfin gwangwanin makunnin nan, dole ne a mayar da shi? Sukurunsa ɗaya ya ɓace.

Baba Mai Rediyo:
Dole ne. Shi ke kare wayoyin daga gurnanin motar da ke juya faranti, kuma ta sukurun yake samun at. Nemo mai irin zarensa ka ɗaure shi sosai, ka tabbatar babu siririyar wayar hannu ko ɗaya da ta shiga ƙarƙashin bakinsa. Bayan ka rufe, maimaita awo na biyu kafin ka mayar da garmahon daidai.